Daro Marar Nauyi

Da sunan Allah zan buɗe baki, Shi da Ya ara mini kwanaki har haƙorana sunka riga ni tafiya. Ni ce Zaliha, wadda mutanen Gaya ke ce wa Inna Zali. Ban taɓa zama a lakwal na koyi boko ba, jikata Nafisa ce ke riƙe da bik tana rubutawa, ni ina riƙe da magana, na kuma gaya mata duk inda ta gyara mini zance Allah na kallonta. Ku ƴaƴana da jikokina, magana biyu kunka ji a kaina a garin nan: cewa hankalina ya fara gushewa a shekarar da kogi ya ci gonakin shinkafa, da cewa daga baya na zama tsohuwa mai kwaɗayi, wadda ke riga zakara tashi don ta tsere wa ƴan mata a layin inji. Kun ji, kun yi shiru don kunya, wasunku kuma kun yarda. Musamman babban wanku, ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa. A nan Direba zan ce masa, tun da kamiyo, babbar motar kaya, yake tuƙawa tsakanin Kwatano da Yamai. To, ku zauna. Wannan takarda ta cikin gida ce, ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa inji.

Kun san injin casar shinkafa na ƙungiyar mata da ke gangaren kogi. Tun ranar da anka kafa shi ni ce uwar layi. Mata su turara shinkafa a gida, su shanya, su ɗauko ta a daro zuwa rumfar inji, ni kuwa in tarbe su a bakin ƙofa, in sauke wa kowace kayanta, in ajiye a inda layinta ya kama. Ba takarda, ba lamba. Mata arba'in da ɗoriya, Hausawa da Dandawa da Zabarmawa, har da Fulanin da ke gangarowa daga wajen Bana, duk a kaina suke: wadda ta zo ta farko, wadda ta bi mata, wadda ta je ba ɗa nono za ta dawo. Sanda mai inji, wani Badande marar yawan magana, ba ya zuba shinkafar kowa sai na kira. Idan na ce wance, wance ce. Ko matar kwamandan duwan, babban ƴan kwastan, ta aiko da daro, sai ya bi layi. Abin da nake taƙama da shi ke nan, ban kuma ɓoye ba, na yi taƙama.

Amma akwai abin da babu wanda ya koya mini, aikin ne ya koya wa hannuna. Macen da ta kawo shinkafar kasuwa, daronta sai na yi nishi kafin in sauke shi. Macen da ta kawo ta tukunyar yau, wadda yaranta ke zaune a gida suna kallon murhu babu wuta, ba za ta taɓa zuwa da ɗan kwano a hannu kowa ya gani ba. Sai ta cika ƙasan daro da ɓuntu ko tsummoki, ta shimfiɗa zane, ta zuba ƴar tiya ɗaya ko rabi a sama, ta rufe da faifai, ta ɗauko tana takawa kamar wuyanta zai karye. Ido ba ya ganewa. Hannun mai saukewa ne kaɗai ke ganewa. Idan na ji daro ya taso mini kamar ƙwarya, ba na kallon fuskar mai shi, ita ma ba ta kallon tawa. Sai in matsar da shi gaba a hankali, in kira ta kafin lokacinta, ta samu ta koma ta ɗora tukunya kafin rana ta take. A shekara mai albarka, irin wannan daro bai wuce ɗaya a mako ba, babu mai lura.

Sai shekarar ruwa ta zo. Kogi ya haura, ya kwanta a kan gonaki daga nan har wajen Tanda, ya ƙi tashi sai da shinkafa ta ruɓe a tsaye. Masunta ma ba su tsira ba, ruwa ya kwashe musu taru da jirage. Daro marar nauyi ya zama uku, huɗu a rana. Na yi ta matsarwa, na yi ta kira, har abin ya fito fili. Hajiya Fati, shugabar ƙungiyarmu, mace ce mai gaskiya, ba zan ci namanta ba. Fatauciya ce, tana sayo shanshera daga Benin ta gyara ta kai kasuwar Kamba. Sau uku ina tsallake daronta, ranar ta ukun motar kasuwa ta tafi ta bar ta da buhuna a bakin hanya. Washegari ta tara mata a ƙarƙashin dogon yaro, anka zaunar da ni a tsakiya kamar ɓarauniyar akuya.

“Inna Zali,” in ji Hajiya, “mu duka kin girme mu, ba wadda za ta ɗaga miki murya. Amma ki gaya mana, da wane ido kinka ga daron wance ya riga nawa zuwa? Ni da na iso ana sallame sallar asuba?”

Wata daga baya ta ce, “Wataƙila goro ke gyara layi yanzu.”

Wadda ake magana a kanta tana nan zaune, matar wani masunci ce, goye da jariri. Ba zan faɗi sunanta ba ko yanzu da ƙasa ta rufe ta, don ƴaƴanta manya ne, kuna gaisawa da su a hanya. Baiwar Allah zan ce mata. Na ga ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Kalma ɗaya ce tsakanina da wanke kaina: in ce a ɗaga daronta a ji. Da na faɗa, da Hajiya Fati da kanta ta aika mata da buhu, na sani. Amma da ba ta sake ɗaga kai a Gaya ba, ita da sauran da za a fara ƙirgawa da ido. Na duba hagu, na duba dama, na ga hanya biyu ce kawai: ko in zama mai cin goro, ko in zama tsohuwar da kanta ya kwance. Sai na zaɓi wadda ta fi mini ciwo, don ita ce ba za a bincika ba.

Na ce, “Hajiya, ku yi mini afuwa. Mantuwa ce. Tsufa ya zo.”

Ni Zaliha, wadda har yau zan iya jero muku sunan kowane jirgin ruwa da marigayi ubanku ya taɓa tuƙawa. Wasu matan har da hawaye na tausayi, tausayin nan kuwa ya fi zagi zafi. Anka ce in ci gaba da sauke kaya da share rumfa don kada in zauna a gida, amma kiran layi a nemo wata dabara.

Ƴar autata Rakiya ta dawo daga Yamai a shekarar, ta buɗe ƴar rumfar gyaran rediyo da salula kusa da tasha. Ita ce ta yi lakwal mai zurfi a cikinku, ta koyi aikin waya da dalma, maza na kawo mata abin da ya gagare su suna ɓata rai. Da labari ya kai mata, ta shigo gida idonta ja. Ita ma ta yarda na fara mantuwa, na ga haka a yadda ta fara maimaita mini magana sau biyu. Kwana uku bayan haka ta zo ta buɗe tafin hannunta, na ga wani ɗan kore-koren abu da bai kai akwatin ashana ba, da wani baƙi mai ƙafafu a tsakiya.

“Inna, wannan zai riƙe miki layi. Shi ba ya mantuwa.”

“Wannan ɗan ƙwaron?”

“Ai kuwa kin faɗi sunansa. Da Faransanci ƙuma ake ce masa. Daga Malanbil, tsallaken kogi, na sa anka sayo mini, bai kai kuɗin zakara ba.”

“To da wane baki zai yi kira?”

“Ba kira zai yi ba, nunawa zai yi. Ina son telen Baba.”

Telen ubanku, ɗan ƙaramin nan mai baƙi da fari da ke aiki da batirin mota, wanda ya ɗauko a jirgi a kan cinyarsa don kada ruwa ya taɓa shi. Tun da anka canza yadda ake watso hoto, ba ya kama komai sai tururuwa, amma yana nan a ɗakinsa a lulluɓe, ina goge shi kowace Jumma'a. Rakiya ta ce irinsa take so, don a bayansa akwai wani rami mai launin ɗorawa, ta nan ƙuma za ta yi masa magana kai tsaye, ba sai da antan mai kamo hoto ba, ba sai da tasha ba. Direba yana gida a lokacin. Ya ce abin da uba ya bari ba ya fita zuwa inda ƙaiƙayi zai cika shi, in tele ake so shi zai sayo sabo mai faɗi daga Kwatano. Rakiya ta ce sabon ba ya jin yaren ƙumarta, kuma ya fi ƙarfin batiri. Sunka ja, sunka ja, kowa na kallona. Na ce ubanku mutum ne da bai taɓa barin jirgi a tudu ya bushe ba in akwai mai son haye, a ɗauka. Direba ya ɗauki makullin kamiyonsa ya fita. Wannan ce tsaga ta farko a tsakaninmu.

Wata guda Rakiya ta yi tana fama a zaurenmu bayan ta taso daga rumfa da la'asar. Ta haɗa ƙuma da wasu ƴan abubuwa biyu kamar ƙwayar shinkafa masu zoben launi, ta liƙa da dalma, ta ja waya zuwa ramin ɗorawa. Ranar farko babu komai. Ta biyu, sai wasu fararen layuka sunka fito suna gudu a karkace kamar ruwan sama da iska. Daga baya hoto ya fito amma yana birgima, ya hau sama ya ɓullo ta ƙasa, har kaina ya yi jiri. Na tambaye ta me ke korarsa. Ta ce tele ba ya ɗaukar hoto gaba ɗaya. Layi-layi yake zana shi, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, da saurin da ido ba ya kamawa, in ya kai ƙasa ya koma sama ya sake. Aikin ƙuma shi ne ta riƙa gaya masa: fara layi, nan fari, nan baƙi, koma sama. In ta makara da ƙiftawar ƙiftawar ido, ko ta yi gaggawa, hoto ya watse.

Na ce, “Au, lugude ke nan. Mata uku a turmi ɗaya. In ɗaya ta saki taɓarya ba a kan lokaci ba, goshi ne zai faɗa.”

Ta dube ni ta yi dariya, dariyar farko tun ranar dogon yaro. Sai kuma wata matsala: duk sanda ta danna buton da ta haɗa wa ƙuma, hoto ya yi tsalle, don ƙuma ta bar lugude ta je duba wanda ya taɓa ta. Na ce mata mai daka ba ta amsa sallama taɓarya na sama, sai ta jira an tsaya juya tsaba. Rakiya ta ce ai tele ma yana da irin wannan tsayawa, ɗan lokacin da yake komawa sama ba ya zana komai. Ta gyara ƙuma ta riƙa duba buton a wannan numfashin kaɗai. Hoto ya tsaya cak kamar an kafa shi da ƙusa. Ban ce ni na ƙera abin ba, kada ku ƙara mini. Amma ranar na ga ta dube ni wani iri, kamar mai tambayar kanta ko wannan ce tsohuwar da kanta ya kwance.

Saura abin da za a nuna. Da farko hotunan fuskokin mata ta so sawa, ƙuma ta ce cikinta bai kai ba. Ko fuska ɗaya ta fi ƙarfinta. Sai ta rubuta sunaye da boko, ta kira ni in gani. Na ce, Rakiya, cikin mata arba'in nawa ne za su karanta? Kuma Hadiza shida gare mu, Fati huɗu, ga waɗanda ba a san su da suna ba sai uwar wane. Na tashi na ɗauko daro na kifa mata shi. Kowace mace a injin nan tana da alamarta a gindin daro, da fenti ko da ƙusa: mai ƙafar kaza, mai tsani, mai ido uku, mai ƙugiya. Da su muke rabe kaya tun kafin a haife ta. Ta ce ƙuma na iya zana su, amma sai an mayar mata da kowace alama gida-gida, sha shida a tsaye, sha shida a kwance, kowane gida ko fari ko baƙi, ita kuwa ba ta san alamun ba. Na aika anka yanko kaba, na rina rabi da baƙi, na zauna na saƙa su ɗaya bayan ɗaya, ƴan tabarmi kamar tafin hannu, tsaye sha shida, kwance sha shida. Ni ina saƙa, ita tana ƙirga gidaje tana zuba wa ƙuma ta ordinatarta, wato kwamfuta. Arba'in da uku na saƙa daga kaina, ban tambayi kowa ba, ban kuskure ɗaya ba. Tawa ce ta ƙarshe: jirgin ubanku. A gilashin tele cikin jirgin ya fito da matakala-matakala, amma jirgi ne.

Ranar da anka kafa shi, Sanda ya yi masa akwati da katako da labule don ƙura, anka ɗora panon kama hasken rana a kan rumfa don cika batiri. A gaban tele akwai abin murzawa da buton. Mace ta zo ta murza har alamarta ta fito, ta danna, alamar ta je ta tsaya a bayan ta wadda ta riga ta. Idan Sanda ya gama da ta sama, ya danna nasa, sauran su matso. Rakiya ta kuma sa tsohuwar al'adarmu a ciki: in layin mace ya zo ba ta shirya ba, alamarta na zama a sama, a wuce da ta bayanta, har ta shirya. Mata sunka yi cincirindo.

“Wayyo, ga tsanina! Wallahi tsanina ne!”

“Ke matsa, ƙafar kazarki ta fi ki kyau.”

“Rakiya, wannan ƙumar taki tana cin goro?”

“Ba ta da baki, Gwaggo.”

“To ita muke so.”

Na ji wannan, na ci gaba da shara. Hajiya Fati ta zo ta riƙe hannuna ta ce na haifi ɗiya. Gaskiya ta faɗa. Faɗa ya ƙare a inji tun daga ranar, ko mai rigima in ta ɗaga murya sai a nuna mata gilashi.

Kwana huɗu bayan haka Baiwar Allah ta zo, rana ta riga ta ɗaga. Na sauke daronta, ya taso mini kamar ganye. Ta je ta murza, ta danna, alamarta ta tsaya can ƙasa, ta goma sha tara. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallon gilashin nan, babu abin da zan iya matsarwa. Ta zauna a bakin rumfa tana jijjiga jariri. Azahar ta yi, Sanda ya kashe inji ya huce. La'asar ta yi. Sai gab da magariba anka zuba ƴar shinkafarta, inji bai ma gama buɗe murya ba ta ƙare. Gidansu ana hango shi daga gangaren. Duk yinin nan ina duba, ban ga hayaƙi ba. Na tafi rumfar Rakiya kai tsaye.

“Ki sa mini wani buton a ɓoye, ta ƙasan akwati, wanda in na taɓa alama za ta hau sama.”

“Don me, Inna?”

“Don na ce.”

“Zan iya, aikin rabin yini ne. Amma ba zan yi ba. Matan nan sun yarda da gilashin ne don sun san ba shi da ɗan uwa. Ranar da anka ga tsani ya tsallake ƙugiya, an gama da shi, an gama da ni, ke kuma za a ce abin da anka faɗa da farko gaskiya ne. Ki gaya mini dalili, wataƙila akwai wata hanya.”

Na dube ta, ɗiyar da na goya. Na ce babu dalili, tsufa ne. Na fito ina jin haushinta, ina kuma sanin ta fi ni gaskiya. Layin ba nawa ba ne da zan yi kyauta da shi. Shekaru ina sadaka da lokacin wasu mata ba da saninsu ba. Motar Hajiya Fati da ta tafi, ni na sa. A kan hanyar gida wannan tunani ya zauna mini, sai wani ya biyo shi: akwai layi ɗaya da yake nawa halak malak.

Washegari ina sallame asuba na ɗauki babban darona, babu komai a ciki sai faifai, na gangara. Ni ce ta farko. Na murza har jirgi ya fito, na danna. Na kai daron bayan zanan da muke ajiye tsintsiya. Sanda ya zo ya kunna inji ya dube ni, na ce ban shirya ba, a wuce. Jirgi ya zauna a sama. Da hantsi Baiwar Allah ta iso, na tarbe ta tun a ƙofa kafin ta kai ga tele, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Ke, ajiye naki tukuna, zo ki kama mini nawa, bayana ya riƙe.”

A bayan zana na juye shinkafarta a darona. Ta buɗe baki, na ce ta rufe. Munka fito tare muna riƙe da shi, na ce wa Sanda na shirya. Da anka gama na ɗora mata a ka na ce ta kai mini gida, ta dawo ta ɗauki nata daga baya. Ta bi ta lungunmu, ta zarce nasu. Kafin azahar na ga hayaƙi. Haka munka ɗore. Ran da marasa nauyi sunka kai biyu ko uku, in haɗa su a daro ɗaya, in an cashe in raba a bayan zana. Hannun da ya sauke ya san rabon kowa. Ƙuma ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya, ni ma ban ci layin kowa ba. Sanda kaɗai ke ganin abin da ke faɗawa cikin inji. Wata rana ya ɗebo a tafinsa ya duba.

“Fofo, Inna. Shinkafarki yau iri uku ce.”

“Gonata ma iri uku ce.”

“Allah Ya ƙara wa gonar albarka,” ya ce, ya zuba. Bai sake tambaya ba, har yau.

Gari kuwa ya ga abin da ya gani. Jirgin tsohuwa kullum a sama kamar jinjirin wata. Tsohuwar da ba ta da gona tana casa kowace safiya, ke nan fatauci take yi a ɓoye. Ga shi kuma ba ta ɗaukar kayanta, sai ta zaɓi matan da ba su da ƙarfi ta ɗora musu kyauta. Mantuwar tata ba ta hana ta tuna sammako. Maganar ta hau tasha, ta shiga kunnen Direba a gaban abokansa. Ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakina, bai zauna ba.

“Inna, me na rage ki da shi? Buhu nawa nake saukewa a gidan nan? Ana ce mini uwata na kokawa da ƴan mata a kan layi kamar ba ta haifa ba. Ki daina zuwa injin nan.”

“Ba zan daina ba.”

“To ki ba ni dalili ɗaya.”

“Ina son iskar kogi.”

Ya juya ya fita. Kafin wata ya ƙare ya kwashe iyalinsa zuwa gidan da ya gina a hanyar Doso. Bai yanke gaisuwa ba, bai yanke buhu ba, ɗan halak ne. Amma tun daga ranar bai sake zama ya ci tuwona ba, ƴaƴansa kuma sun girma ba a cinyata ba. Wannan shi ne kuɗin abin, na kuma biya da idona a buɗe. Buhun da yake aikowa ma, rabinsa ta bayan zana ya bi, ran da daron wata ya yi rashin nauyin da ko inji ba zai ji shi ba.

Bara da sanyi ƙafafuna sunka ƙi ni. Na farka da asuba na kasa miƙewa, na kwanta ina jin inji ya tashi daga nesa, ina ƙirga waɗanda na san za su zo. Ban taɓa kuka don ciwo ba, ranar na yi. Da azahar sai ga Rakiya ta shigo, ɓuntu a gashin idonta, ta jingina babban darona a bango, ta zauna a bakin gado tana matsa mini ƙafa.

“Jirgi ya hau sama yau ma,” ta ce. “Amma hannuna bai iya ba tukuna. Na tare wata na ce ta kama mini kaya, ashe nata ya fi nawa nauyi, ta yi mini kallon mahaukaciya.”

“Tun yaushe kinka sani?”

“Tun kaba arba'in da uku, Inna. Mai mantuwa ba ta yin wannan. Sauran kuwa, ni nake share rumbunmu; ban taɓa ganin shinkafar jirgi ta shigo gidan nan ba.”

“Ba ki ce komai ba.”

“Ɗiyar wa ce ni?”

Na koya mata: kada ta ɗaga da ƙarfi, ta sa yatsu a ƙarƙashin baki ta bari daron ya faɗa mata da kansa, kuma kada ta kalli fuska. Yanzu ta iya. An fara cewa ta gaji kwaɗayin uwarta, tana dariya. Telen ubanku haskensa ya ragu, sai an ja labule ake gani sosai, ta ce tana neman wani irinsa a wurin masu gwangwan, ƙuma kuwa tana nan garau. Ƴan tabarmin kaba suna cikin adakata. In wata sabuwa ta shiga ƙungiya, har yanzu ni ake kawo wa gindin daronta in saƙa.

Direba, na san Nafisa za ta karanta maka wannan, ɗiyarka ce. Ka tambaye ni dalili ɗaya na ba ka iskar kogi. Ga dalilin, ya makara, amma bai ruɓe ba. Ba na neman ka ce na yi daidai. Abu ɗaya nake so: tuwon shinkafa da miyar kifi Rakiya ke yi ran Jumma'a, daga buhunka, rabin da ya rage. Tabarmarka tana inda ka bar ta.